Yadda Kirista zai tsai da shawara kan kare kai da makami tun kafin ranar ta zo

'Yan'uwa cikin Kristi, maganar ko ya halatta mai bi ya ɗauki makami ya kare kansa har ta kai ga ran wani ya fita, magana ce da ake gama ta da rana tsaka, hankali kwance, Littafi Mai Tsarki a buɗe. In ka bari sai ƙarfe biyun dare ana dukan ƙofarka yara na kuka sannan zaka fara tunanin me Yesu yace, toh tsoro ne zai yanke maka hukunci, kuma tsoro baya karanta aya. Ni dai inda na tsaya shine: Kirista zai iya sa ƙarfi ya tsare rai, nashi ko na wanda Allah ya bashi amana, amma bashi da izinin ramuwa ko kaɗan. Duk abunda zan faɗa a ƙasa hanya ce ta gane inda kariya ta ƙare ramuwa ta fara, don a bakin mutum suna kama da juna sosai, a gaban Allah kuwa nisansu ba kaɗan bane.

Fara da tambayar kanka me kake karewa

Wannan ita ce tambaya ta farko kuma mutane da yawa a nan suke faɗuwa. Rai kake karewa, ko dukiya, ko girmanka? Ka buɗe Fitowa 22:2-3 ka karanta a hankali. Dokar tace in an kama ɓarawo yana fasa gida aka buge shi ya mutu, babu alhakin jini a kan mai gidan, amma in rana ta riga ta fito, akwai alhakin jini. Ɓarawo ɗaya ne fa, gida ɗaya, kayan da yazo ɗauka ma ɗaya. Abunda ya canza shine da dare baka ganin hannunsa, baka san ko kisa yazo yi ba, baka san su nawa bane, maƙwabta kuma na barci. Da rana kana ganinsa, zaka iya ihu, zaka iya gane fuskarsa a kama shi daga baya. Wato ko ɓarawon da ya shigo gidanka, Allah yana lissafin jininsa. Hukuncin sata a wannan surar ma biya ne, shanu 5 a madadin sa ɗaya, tumaki 4 a madadin tunkiya ɗaya, ba'a ce a kashe shi ba.

Saboda haka in mutum ya fizge wayarka ya juya yana gudu, ko ya ɗauki talabijin ya haura katanga, haɗarin ya wuce. Harbinsa a baya kisa ne, ko da zuciyarka na tafasa kuma ko da watanni kayi kana tara kuɗin abun. Na san da ciwo. Amma mutumin nan da siffar Allah aka yi shi, Farawa 9:6 ta kafa darajar ran mutum a kan wannan dalilin, kuma babu waya ko mota da aka yi da siffar Allah. Haka ma in jama'a sun kama ɓarawo sun taru suna dukansa, mutumin da aka riga aka ɗaure baya barazana ga kowa, hannun Kirista bai kamata ya shiga ciki ba, abunda ya dace da shi shine ya nemi a miƙa shi ga hukuma ko da za'a zage shi a kai.

Batun girma kuwa Ubangiji ya rufe ƙofar gaba ɗaya. A Matiyu 5:39 da yace in an mare ka a kuncin dama ka juya ɗayan, mari yake magana, cin mutunci, irin abunda ke sa jinin mutum ya hau yace yau sai na nuna masa ko ni waye. A nan babu wata kafa. An zage ka, an raina ka gaban matarka, an tofa maka yawu, ka haƙura. Yesu kansa da wani dogari ya mare shi gaban babban firist a Yahaya 18:22-23, magana yayi, ya tambayi dalilin dukan, bai ɗaga hannu ba. Amma ban ga inda ayar tace ka juya kuncin 'yarka ga wanda yazo yi mata fyaɗe ba. Kuncinka naka ne kana iya bayarwa. Ran yaron da ke ɓoye a bayanka amana ce, Zabura 82:4 da Karin Magana 24:11 duk suna cewa a ceci marasa ƙarfi da waɗanda ake ja zuwa mutuwa.

Kada ka ɗauki aya ɗaya ka gudu da ita

Masu son makami suna da ayarsu, Luka 22:36, inda Yesu yace wanda bashi da takobi ya sayar da mayafinsa ya saya. Masu ƙin makami suma suna da tasu, Matiyu 26:52, duk wanda ya zari takobi takobi ne ajalinsa. Abun mamaki a dare ɗaya aka faɗi duka biyun, sa'o'i kaɗan tsakani, toh ka karanta daren gaba ɗaya. Almajirai suka ce ga takuba biyu, yace ya isa. Takuba biyu ba kayan yaƙi bane, kuma a aya ta 37 ya haɗa maganar da annabcin Ishaya cewa za'a lasafta shi cikin masu laifi, shi yasa masana suka rabu a kan fassarar wurin har yau. Daga nan suka tafi lambu, masu kama shi suka iso da fitilu da kulake, Bitrus ya zare takobi ya kai sara, ya fille kunnen dama na bawan babban firist mai suna Malkus. Ka tsaya ka kalli wurin nan: jini na zuba, mutumin da yazo kama shi ne ke riƙe da gefen kansa, Yesu ya miƙa hannu ya taɓa kunnen ya warkar. Sannan yace wa Bitrus ya mai da takobin kube.

Abu biyu nake gani a nan. Bai ce masa ya jefar da takobin ba, kuma a bayyane yake almajiran na yawo da shi tun kafin daren ba tare da an hana su ba. Amma ya hana shi sarai ya yi amfani da shi don kare Almasihu da aikin gicciye. Daga nan nake ɗaukar wata ƙa'ida da nake riƙe da ƙarfi: ba'a kare bishara da makami. In hukuma ta kama ka don sunan Yesu, ko aka ce ka musunta shi ko a kashe ka, hanyar Istifanas ce a gabanka, wanda ya mutu yana roƙa wa masu jifansa gafara, ko hanyar gudu wadda Ubangiji da kansa ya bayar a Matiyu 10:23, in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wancan. Manzo Bulus a cikin kwando aka zurara shi ta katangar Dimashƙu, bai ji kunyar hakan ba. Inda abun ke da wuya shine lokacin da maharan suka zo kashe kowa da kowa, tsofaffi da jarirai, suna kiran addini a bakinsu. A nan ina ganin tsayawa a ƙofa don mata da yara su samu su fita aikin ƙauna ne. Bin maharan har garinsu washegari a ƙona gidajen danginsu kuwa, wannan ramuwa ce tsantsa, Romawa 12:19 ta ce ramuwa ta Ubangiji ce, kuma babu adadin gawarwakin da zai mai da ita halal.

Ka saurari waɗanda suka riga mu

Ikilisiya bata taɓa zama baki ɗaya a kan wannan ba, kuma sanin haka zai rage maka zafin kai. Tatuliyan, wani malamin ikilisiyar farko, wajen shekara ta 200, ya koyar cewa da Ubangiji ya karɓe takobin Bitrus ya kwance wa kowane soja ɗamara. Bishop Agustin, wanda ya rasu a 430, ya yarda soja ko ma'aikacin hukuma zai iya kisa don kare jama'a, amma bai goyi bayan mutum ya kashe wani don tsirar da ran kansa kawai ba. Malaminsa Ambros yace wanda zai iya kare abokinsa daga cuta ya ƙi, laifinsa ɗaya da mai cutar. Toma Akwinas, malamin tauhidi na Katolika, a ƙarni na 13 shine ya tsara maganar yadda yawancin ikilisiyoyi ke bi yanzu: aiki ɗaya zai iya haifar da abu biyu, tsirar ranka da mutuwar maharin, niyyarka ta tsaya a kan na farkon, kuma in ka yi amfani da ƙarfin da ya wuce buƙata ka yi laifi. Katekizim na Katolika na 1992, wato littafin koyarwar bangaskiyarsu, ya bi wannan layin a sakin layi na 2263 zuwa 2265, har ya ƙara cewa ga wanda rayukan wasu ke wuyansa kariya zata iya zama wajibi mai nauyi. Babban Katekizim na Wesminista na ƙarni na 17, na ɓangaren Furotesta, shima ya cire kariyar dole daga cikin abunda doka ta shida a cikin Dokoki Goma, wadda ta hana kisankai, ta haramta.

A ɗaya gefen akwai 'yan Anabaftis, wata ƙungiyar Kirista a Turai, da suka rubuta a 1527 cewa takobi baya cikin kammalar Kristi, jikokinsu Menonayit har yau suna kan haka. Ɗaya daga cikinsu, Dirk Willems, a 1569 a ƙasar Holan ya tsere daga kurkuku, wanda ke binsa don ya kama shi ya faɗa cikin ruwa da ƙanƙarar da ta rufe tafki ta fashe, Dirk ya juyo ya ciro shi, aka sake kama Dirk aka ƙone shi. Wanda zai kira irin wannan mutumin matsoraci bai san me yake faɗa ba. Martin Luther King ma, faston nan na Amurka, a 1956 bayan an jefa bam a gidansa ya nemi lasisin riƙe bindiga aka hana shi, daga baya ya rabu da makamai gaba ɗaya bisa ga lamirinsa. Don haka in ɗan'uwa a ikilisiyarku yace shi ba zai taɓa makami ba ko za'a kashe shi, ka girmama shi. Shi kuma kada ya kira ka marar bangaskiya don ka tsaya tsare iyalinka. Nehemiya 4:9 tace sun yi addu'a ga Allah sun kuma sa masu tsaro dare da rana, aya ɗaya ta ɗauki duka biyun.

Ka ƙure sauran hanyoyi tukuna

Makami shine na ƙarshe a layi, amma mutane sun fi son fara maganar daga kansa don shine mai daɗin hira. Ƙofa mai ƙarfi, makulli mai kyau, haske a waje, sanin maƙwabta da lambobinsu, wurin da iyali zasu taru su kulle kansu, hanyar fita ta baya, lambar 'yan sanda a wayar kowa harda yara masu wayo. Ku zauna da matarka ku yi maganar nan ƙarara, wa zai ɗauki jariri, wa zai kira waya. Ku amince tun yanzu cewa in kaya ake nema za'a bayar ba gardama. Guduwa in akwai hanya ba abun kunya bane, kuma neman kariyar hukuma ma ba rashin bangaskiya bane: da aka ƙulla makircin kashe Bulus a Ayyukan Manzanni 23, labari ya sa aka kai wa shugaban sojoji, aka fitar da shi da dare da rakiyar mutum 470.

Sannan dokar ƙasarku. Romawa 13:4 ta ce mai mulki ne ke riƙe da takobi, kuma ƙasashe sun bambanta ƙwarai, wani wuri an yarda farar hula ya mallaki bindiga da lasisi, wani wuri an hana kwata-kwata, wani wuri doka na buƙatar ka ja da baya in akwai hali kafin ka sa ƙarfi. Ka nemi lauya ko wanda ya san dokar da gaske ya bayyana maka, kar ka dogara da abunda ka gani a bidiyon wata ƙasa a intanet. Sayen makami ta bayan fage kana cewa ai don kariya ne, ka riga ka fara da karya doka, kuma kuɗinka ya shiga aljihun masu sayar wa 'yan fashin da kake tsoro.

Ka binciki kanka da gaske

Wannan sashen ya fi sauran muhimmanci a wurina. Ba kowane mai bi ne ya kamata ya ajiye makami a gida ba ko da doka ta yarda. In kai mai saurin fushi ne, in kana shan giya, in rigima tsakaninka da matarka takan kai ga ɗaga hannu, in kai ko wani a gidan na fama da baƙin ciki mai tsanani har tunanin kashe kai na zuwa masa, toh makamin nan ya fi zama haɗari ga mutanen gidan fiye da ɓarawon da wataƙila ba zai taɓa zuwa ba. Ka tambayi matarka da wani dattijon ikilisiya da baya jin tsoron faɗa maka gaskiya, in suka yi shiru suna kallon ƙasa ka samu amsarka.

Ka tuna Dauda a 1 Sama'ila 25. Nabal bai taɓa shi ba, baƙar magana kawai ya aika masa, sai Dauda yace kowa ya rataya takobinsa, mutum wajen 400 suka kama hanya da rantsuwar ba za'a bar namiji ko ɗaya da rai ba kafin safiya. Wannan fa mutumin da Allah ya zaɓa ne. Abigel matar Nabal ce ta tare shi a hanya ta sauka daga jaki ta faɗi a gabansa ta roƙe shi kada ya ɗauki alhakin jini a banza, shi kuma ya gode wa Allah da ya aiko ta ta hana shi rama wa kansa. In zagi ya iya kai Dauda nan, kai da ni bamu fi ƙarfin haka ba. In ka lura kana jin daɗin tunanin ranar da wani zai shigo ka gwada makaminka a kansa, kana ba abokai labarin abunda zaka yi masa kana murmushi, ka kai wannan gaban Allah kafin komai, don kisan ya riga ya fara a zuciya kaman yadda Matiyu 5:21-22 ta nuna.

In ka wuce wannan binciken kuma doka ta baka dama, nauyi ya hau kanka. Maimaitawar Shari'a 22:8 tace wanda ya gina gida ya ja katanga a rufin don kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau gidan, wato sakaci ma Allah na tambayarsa. Ka samu horo wurin waɗanda hukuma ta amince da su, ka kulle makamin inda yaro ba zai kai ba ko da ya hau kujera, kar ka nuna wa baƙi, kar ka ɗauki hoto da shi ka sa a Facebook. Kuma kada ka taɓa kai hari ga inuwa ko motsi. Wanda ke taɓa ƙofa da dare zai iya zama ɗanka da ya dawo a makare, ko maƙwabci da yazo neman taimako matarsa na naƙuda. Ka kunna haske, ka yi magana da ƙarfi, ka bashi damar gudu. In ya gudu, ka gode wa Allah, buƙata ta biya.

In ranar ta zo

Tambayoyin da zaka riƙe kaɗan ne don ba lokacin dogon tunani: ran wani na cikin haɗari yanzu-yanzu? Akwai wata hanya? In babu, ka sa ƙarfin da zai tsai da shi, ka tsaya da zarar ya tsaya. Ya faɗi, ya jefar da makami, ya ɗaga hannu, ya juya baya, shikenan an gama, duk bugun da ya biyo bayan wannan na fushi ne. Yahudawan zamanin Esta an basu izinin kare kansu har da kwasar ganima, amma sura ta 9 ta maimaita sau 3 cewa basu taɓa ganimar ba.

In maharin ya ji rauni kuma babu sauran haɗari, daga wannan lokacin ya zama maƙwabcinka mai buƙata. Ka kira motar asibiti, ka danne inda jini ke zuba in zaka iya yin haka lafiya, ka kira 'yan sanda da bakinka. Kar ka gyara wurin, kar ka sa masa wuƙa a hannu don labarinka yayi kyau, ka nemi lauya ka faɗi gaskiya yadda take ko da wani ɓangaren bai yi maka daɗi ba. Ko a dokar Musa wanda ya kashe mutum ba da niyya ba sai ya gudu zuwa ɗaya daga biranen mafaka 6 ya tsaya gaban taron jama'a a duba maganarsa, Littafin Ƙidaya 35 kenan, ba'a barin mutum ya wanke kansa da kansa.

In kuma ran ya fita, kar ka yarda abokai su mai da kai gwarzo. Allah ya hana Dauda gina Haikali saboda yawan jinin da ya zubar, 1 Tarihi 22:8, alhali yawancin yaƙe-yaƙen nan na kare Isra'ila ne. Bishop Basil na Kaisariya a ƙarni na 4 ya ba da shawara sojan da ya kashe a yaƙi ya dakata da cin Jibin Ubangiji shekara 3, duk da bai lasafta shi mai kisankai ba. Ba ina cewa ikilisiyarku ta ɗora maka wannan ba, amma ka ga yadda suka ɗauki abun da nauyi. Rashin barci zai iya zuwa, fuskar mutumin zata iya dawo maka, yaran da suka gani suma zasu buƙaci wanda zai saurare su. Ka je wurin fastonka a makon farko, ka nemi likitan da ya san irin wannan damuwar in ta daɗe, ka sa iyalin mamacin cikin addu'arka don shima yana da uwa, kuma in an kira ka kotu ka je.